Sandar Ƙirya da Azarorin Kaka

'Yata Rakiya ce ta sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana. Wata ranar Asabar ta zo daga Gazawa da tulin takardun ɗalibanta, ta baje su a tabarmata tana gyarawa tana tsaki. Na tambaye ta abin da 'ya'yan mutane suka yi mata. Ta ce Ingilishin da take koya musu a kwaleji yana da kalma dabam ta abin da ya ruɓe daga ciki, da wata ta ginin da aka saki ba kula, da wata kuma ta abin da aiki da shekaru suka cinye, amma yaran nan duk sun haɗa sun yi musu kuɗin goro. Na yi dariya na ce mata ai ba Turawa kaɗai ke rarrabe su ba, a gidan nan da wannan rarrabewar aka ci tuwo shekara da shekaru. Sai ta ce, ko kai ba ta ɗago ba:

"To ai shi ya sa Baba Sale ya kusa kashe mutane a masallaci, tunda shi bai iya rarrabewa ba."

Na daina dariya, domin ƙanena take nufi. Ba laifin Rakiya ba ne. Haka ta taso ta ji ana faɗa a garin nan, haka yayyenta suka ji, kuma ban taɓa buɗe baki na ce a'a ba. Shekara talatin da wani abu maganar nan tana yawo kamar akuyar da ta tsinke turke, ina kallonta, alhali ni na kwance ta. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, tsararrakina saura ɗaya biyu. Saboda haka da ɗan bokon da na koya a yaƙi da jahilci zan rubuta muku, ku 'ya'yana, har da babbanku da ba na kama sunansa. A nan ba zan ba ku labarin haihuwata ko yawon da na yi ba. Shekara guda kawai zan ba ku, shekarar da aka rushe tsohon masallaci, da abin da ta haifar.

Gidanmu gidan magina ne. Kakana, wanda muke ce wa Kaka, daga ƙasar Katsina ya hauro da matarsa da jakai biyu, ya zauna nan kusa da Gazawa tun garin bai wuce gida goma ba. Shi ya gina masallacin garin da tubali da yaɓe, ya rufe shi da azarar giginya da aka ɗauko daga kudu a bayan raƙuma, domin mu nan goriba muke da ita, ita kuwa ba ta kai giginya ƙarko ba. Mahaifina, da za ku ji ina ce wa Tsoho, ya gaji ginin, ya kuma gaji abin da ya fi ginin daraja: wata 'yar sanda ta ƙirya, tsawon kamu guda, wadda hannu ya goge har tana sheƙi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka mutane kan kira shi ya duba musu ɗakunan soro. Sai ya shiga, ya ce kowa ya yi shiru, ya ɗaga sandar ya ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya, ya karkata kai yana saurare. Abin da ya faɗa ya zauna. In ya ce a fita, ko amarya ce a ɗakin sai ta kwashe kwanoninta.

In kana son ɓata masa rai, zo ka ce masa ɗakinka ya lalace.

"Lalacewa iri nawa ce? Hwaɗa mani wacce. Ruɓewa ya yi, ko gajiya, ko ko sakin shi kunka yi?"

A wurinsa abin da ya ruɓe ya mutu. Ruwa ya shige shi ya ci shi ta ciki, ko da fuskarsa tana kyau, ba magani sai cirewa. Gajiya kuwa tsufa ne da ɗaukar kaya, azara ta ɗan sunkuya, dokin ƙofa ya goge saboda ƙafafu. Irin wannan a tokare shi a girmama shi, yana iya binne wanda ya tokare shi. Wanda ya fi ba shi haushi shi ne ginin da aka saki. Yaɓe ya zube, ciyawa ta tsiro a kan rufi, indararo ya toshe, duk wanda ya gani ya ce ya mutu, alhali kwana uku na aiki da kwaɓaɓɓiyar ƙasa sun isa su tashe shi. Yakan ce wannan ba ciwon ɗaki ba ne, ciwon masu ɗakin ne. Ido yana ruɗewa tsakanin ukun nan, shi ya sa ake buga sanda. Lafiyayyar azara tana amsawa da wata siririyar ƙara, ruɓaɓɓiya kuwa haɗiye bugun take yi. Na dai faɗa muku yadda na ji suna faɗa ne, dalili zai zo gaba.

Mu biyu ne maza a wurin Tsoho, ni da ƙanena Sale, shekara shida tsakaninmu. Ni ne mai ƙarfi, ni ne mai hannu. Ba yabon kai ba, in na ja bango ba sai an sa igiya ba, kuma har yau ba a nuna mini katangar da na yi ta karkace ba. Sale kuwa siriri ne mai sanyin jiki, in ya jefo maka tubali sama sai ka sunkuyo ka tarye shi. Amma yana da kunne. Tun yana ɗan shekara goma yakan bi Tsoho cikin ɗaki, kafin Tsoho ya buɗe baki sai ya nuna da yatsa ya ce waccan. Tsoho ya yi dariya har jajayen haƙoransa na goro su fito, ya dafa kansa ya ce, "Sale, Sale, ɗan banza mai kunnen zomo." Ni ina waje cikin kwaɓi har gwiwa ina jin su. Na sha shiga ɗakuna ni kaɗai in ba kowa, ina bugun azara da ƙotar fartanya, ina kasa kunne har kaina ya yi ciwo. Duk ɗaya nake ji, itace ne ake bugu da itace.

Ga kuma abin da ya ƙara hura wutar. Ni ɗan fari ne, kun san al'ada. Tsoho bai taɓa kama sunana ba, bai taɓa wasa da ni ba, bai taɓa yaba aikina ina wurin ba. In zai kira ni sai ya ce "kai," in zai yi maganata sai ya ce "babban." Na san kunya ce, kowa ya sani, ni ma haka na yi wa babbanku, kuma Allah ya sani ba wanda ya kai shi a raina. Amma abin da kai ya sani zuciya ba kullum take yarda da shi ba. Sunan Sale yana fita daga bakin Tsoho sau hamsin a wuni, ni kuwa ina ƙirgawa kamar mai ƙirga damman maƙwabci. Ina son ƙanena, wallahi ina son sa, ni na goya shi, ni na rama masa faɗa a dandali. Kuma ina yi masa hassada tun daga safe har in kwanta, ba ta da wani suna. Duka biyun a ciki ɗaya suka zauna, ba wanda ya kori wani.

A shekarar da nake ba ku labari na kusa arba'in, na gina rabin garin nan. Kunnen Tsoho ya mutu, sai an yi masa ihu yake ji. Wata safiya bayan an sha kunu ya kira mu zaure, ya jawo sandar daga ƙarƙashin buzunsa. Har na goge tafin hannuna a riga. Ya miƙo ta, ta wuce ta gaban hancina, ta sauka a hannun Sale.

"Riƙe, Sale, kai ke jin ta." Sannan ya karkato wajena, idonsa na kan bango. "Kai kuma ginin na hannunka. Ka kula da ƙanenka."

Na ce to. Na fita na kwaɓa ƙasar da ta isa ɗaki biyu ni kaɗai, ba wanda ya sa ni. Da na shiga cikin gida Inna tana tankaɗe, ta bi ni da ido.

"Hushi kake?"

"A'a, Inna."

"Gara dai. Ubanku ya raba maku gado tun da ranshi, ya ba ka hannu, ya ba shi kunne. In kunka haɗu kun zama shi. In kunka rabu kowa rabin mutum ne."

Uwarku Hajara kuwa ba ta san lallashi ba.

"Sanda ce hwa, Malam. Ga ƙirya nan cike da daji. In sanda kake so, in sa a saro maka goma."

Kwana biyu ban yi mata magana ba.

Masallacin Kaka a lokacin ya yi muni, ba zan ɓoye ba. Shekara huɗu ba a yi masa yaɓe ba, domin damina biyu a jere ba su yi kyau ba, matasa sun tafi cin rani kudu, gayyar da ake yi masa duk bazara ta mutu. Bangon gabas ya zaizaye, ciyawa ta tsiro a kansa, jemagu sun mayar da shi gida. Sai ga Alhaji Mamman, mai fataucin wake zuwa Najeriya, Allah ya buɗa masa, ya ce zai rushe ya gina na bulo da kwano irin na Maradi. Da niyyar alheri ya zo, ban ɗora masa komai ba. Gari ya rabu biyu. Liman da dattawa suka ce ba a rushe ɗakin Allah yana da rai. In ya mutu a rushe, in bai mutu ba a gyara. Mai gari ya ce a bar wa sandar gidan magina ta raba gardama, ranar Alhamis bayan la'asar. Wannan shi ne babban aikin Sale na farko, kuma gari kaf zai zo kallo.

Ranar Laraba da hantsi ya shiga ya buga azarorin nan duka, sannan ya same ni ina gyaran rumbu a bayan gida.

"Yaya, masallacin ga lahiyarshi lau, saki ne kawai. Azarorin Kaka ko gajiya ba su yi ba. Sai dai guda, ta kusurwar gabas, ƙarƙashin indararo. Tsakiyarta na amsawa, amma kanta da ya shige bango ban gamsu da shi ba, sanda ba ta kai can. Don Allah hau ka tona ka gane mani, kai ka hi ni ido."

Bayan azahar, da rana ta kora kowa inuwa, na hau. Na tone ƙasar da ke kan azarar na zura hannu. Kan ya sha ruwan indararo shekara da shekaru, ya yi laushi kamar dafaffen rogo, wajen taƙi guda. Na tona ta kusa da ita, ƙarfe. Na tona ta gaba, ƙarfe. Wato yaron nan daga ƙasa, da 'yar sanda, ya ji ciwon da ke binne cikin bango. Na zauna a kan rufin ina duban hannuna, maimakon in yi alfahari da ƙanena sai na ji kamar an watsa mini barkono a ƙirji. Gyaran bai fi na wuni ɗaya ba: a tokare, a zare ta, a sa wata. Na mayar da ƙasar na daddanne, na sauko. Yana tsaye a gindin tsani yana jira na.

"Mi ka gani, Yaya?"

"Lahiya lau. Kunnenka ne ya yi maka yawa."

Ya yi ajiyar zuciya, ya yi dariya, ya ce Allah ya bar masa Yayansa. Ba zan ce Shaiɗan ba ne. Mutane suna son ɗora wa Shaiɗan kayan da suka ɗaure da hannunsu. Ni na yi, ina sane, kuma ranar na ci tuwo na ƙoshi.

Alhamis bayan la'asar gari ya taru a gindin itacen bedi, wato dogon yaro, da ke ƙofar masallaci. Aka kawo Tsoho aka zaunar da shi kusa da liman. Sale ya shiga ya buga, ya fito, ya durƙusa gaban mai gari ya ce babu ruɓa ko ɗaya, saki ne, a yi gayya a yaɓe. Liman ya ce alhamdu lillahi. Tsoho ba ya ji, amma yana duban fuskokin mutane, ya gane, ya yi murmushi. Wannan murmushin ne ya tashe ni tsaye.

"Ranka shi daɗe, a gahwarce ni. Ƙanena ne, amma rayukan Musulmi sun hi ƙanena. A ba ni tsani."

Na hau na nufi inda na sani, na yi kamar ina lalube, na tona, na damƙo ruɓaɓɓen itace cike da hannu, na sauko na zube shi gaban mai gari. Na murje shi da yatsa ya zama gari. Wuri ya kaure da salati. Na ce wannan guda ce da ido ya gani, Allah kaɗai ya san sauran, ga ruwa na tafe, ga sahu uku na mutane a ƙarƙashi kowace salla. Mai gari ya juya wajen Sale ya tambaye shi abin da zai ce.

Sale ya dube ni. Babu fushi a kallon, kamar dai mutum ne ya kai ƙafa ga matakalar da ya saba takawa ya ji babu ita. Magana ɗaya ta ishe shi ya tona ni, ya ce shi ya aike ni jiya. Amma ƙane ba ya ƙaryata wansa gaban mai gari, ba dai a gidanmu ba, kuma da wannan na dogara tun ina kan tsani. Ya sunkuyar da kai.

"Yaya ya hi ni gani."

Kwana uku bayan haka ruwan farko ya sauka, kowa ya bazama gona shuka. Tsoro ya sa aka ce a rushe maza, a koma salla a rumfa. Ni aka ba aikin, rushewa da ginawa, da leburorin da Alhaji ya kawo daga Gazawa, baƙi ne, ba ruwansu. Ina kwance rufin nan ina ganin aikin Kaka. Azara baƙa wuluk, an jera ta kamar haƙoran matsefi, in ta faɗi ƙasa sai ta yi wata ƙara da har ni kurman sanda na ji. Ko waccan guda ɗin, in ka yanke taƙi guda na kanta, sauran lafiya lau. Duk wadda ta sauko sai in sa a ɗora ta a amalanke nan take, na ce kada yara su yi wasa da itacen masallaci. Na kai su bayan gidanmu na jibga musu karan gero. Wanda duk ya dawo daga gona ya tambaya, sai in girgiza kai in ce ai Allah ne ya tsare. Sale bai leƙo wurin ba ko sau ɗaya, gonarsa ya sa a gaba.

Gari kuwa ya samu abin taunawa. In an kira yaro bai amsa ba sai a ce kunnen Sale gare shi. Ba wanda ya ƙara kiransa duban ɗaki, ni ake kira. In kun tambaye ni ko na ji daɗi, na ji. Wata guda cur ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta ɗauke ni ba.

Hajara ce ta fara sauko da ni. Damina ta yi nisa, itacen girki ya yi wuya, ta je jan kara ta ga abin da ke ƙarƙashi. Ta same ni ina alwalar azahar, ta ajiye gatari a gabana.

"Malam, itacen nan naka da ya ruɓe, na kai mashi gatari in samu na wuta. Ga bakin gatarin nan ya dakushe. Ruɓar masallaci dabam take da ta sauran itace, ko?"

Na daka mata tsawa na ce ba ruwan mace da maganar gini. Ta ce haka ne, ta ɗauki gatarinta. Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta koma ga Allah, amma daga ranar in za ta kwashe tuwo, kwanon gidan Sale take fara cikawa, a gabana, tana kallona.

Ban sani ba ko ita ta gaya wa Inna, Inna ta kai wa Tsoho, ko shi da kansa zuciyarsa ta ba shi. Bayan kwana biyu da hantsi na zagaya bayan gida na tarar da shi tsugune, ya yaye karan. Ba ya ji, saboda haka bai buga ba. Farce yake sa musu, yana bin su ɗaya ɗaya, yana shafa su kamar mai shafa bayan doki. Azarorin ubansa ne, yana yaro aka ɗora su yana miƙa ƙasa. Na tsaya ina kallonsa. Ya kai ta ƙarshe, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya juyo. A karo na farko a rayuwata ya dube ni cikin ido.

"Idi."

Iyakar abin da ya ce ke nan, ya wuce yana dafa bango. Shekara arba'in ina jiran sunan nan daga bakin nan. Na sha raya yadda zai fito, a gindin wani bango da na gama, ko a gaban mutane. Ga shi ya fito a bayan gida kusa da juji, kuma a lokacin na so a ce ni ne kurman ba shi ba. Bai ƙara kama shi ba har ya rasu, bai kuma tona ni ba. In ya wanke ɗa guda sai ya kashe ɗaya, sai ya zaɓi ya tafi da abin a cikinsa.

Da aka gama kai amfanin gona gida, Sale ya ɗora kayansa a amalanke ya ce zai koma Cadakori wajen dangin matarsa, wai ƙasar can ta fi albarka. Inna ta yi kuka har muryarta ta dushe. Da safen da zai tafi ya zo ƙofar ɗakina ya durƙusa yadda ya saba, ya ajiye sandar ƙiryar a kan tabarma.

"Ta gidan ga ce, Yaya, ba ta tahiya."

Na so in ce ɗauki abarka. Bakina ya ce Allah ya kiyaye hanya.

To ga sanda ta zo hannu. Shekara talatin ina shiga ɗakunan mutane da ita, in ce a yi shiru, in buga, in karkata kai yadda Tsoho ke yi. Ban taɓa jin komai ba. Da ido nake aiki, da tono, da tsoro, in na yi shakka sai in ce a rushe. Allah kaɗai ya san ɗakuna nawa masu rai na kashe a garin nan da ƙauyukan kewaye don kada a kama ni. Masallacin kwano kuwa kun san shi, da rani kamar tanda, in ana ruwa ba a jin liman, kwanon ma an canza shi sau biyu saboda tsatsa. Azarorin Kaka na yi ta cusa su cikin rufin mutane ɗaya ɗaya ban gaya wa kowa ba, kuma duk suna nan. Guda ɗaya na riƙe.

Bayan shekara goma na je Cadakori ranar kasuwa da sunan sayen akuya. Na tarar Gobirawa sun ɗauki Sale kamar wani babban malami, har daga Gidan Sori da Gidan Rumji ake zuwa da babur a ɗauke shi. Na bi shi wani gida, na ga abin da yake bugu da shi: guntun muciya ne da matarsa ta yar. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce ashe ni ne wan Sale, lalle gidanmu ya yi sa'a. Kuna tsammani kunya na ji? Hassada na ji, sabuwa fil, kamar ta ranar zaure. Na raba shi da sanda, da gari, da uwa, da suna, ga shi da guntun muciya ya fi ni. Na dawo gida ba akuya.

Shekara huɗu da suka wuce ɗansa Habu ya bugo waya ya ce jikin babansu ya yi tsanani. Na shiga mota zuwa Maradi, na sake wata. Na same shi kwance ya zama kamar kara. Na sa aka ba mu wuri, na ce masa akwai maganar masallaci da nake son in yi. Ya ɗaga hannu.

"Bari, Yaya. Abu guda nike son ji. Azarorin Kaka, ba a ƙone su ba dai?"

"Suna nan. Duk suna cikin ɗakunan mutane suna aiki."

"Har ta kusurwar gabas?"

"Na yanke kan. Tana bisa ƙohwar ɗakina."

Ya rufe ido ya yi murmushi irin na Tsoho.

"Na san ba ta mutu ba. Alhamdu lillahi."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ina jin a wurinsa ba ni ne abin tambaya ba. Bayan kwana biyu ya rasu. A hanyar dawowa, cikin mota, na kama kaina ina jin haushin irin zuciyar da Allah ya ba shi bai ba ni ba. Har gawarsa na yi wa hassada. Ku ga irin uban da kuke da shi.

To ga gaskiya nan na ajiye muku. Baba Sale bai kusa kashe kowa ba. Masallacin Kaka bai ruɓe ba, bai ma gaji ba, sakinsa aka yi, ni kuma na kashe shi da ransa. Rakiya, in kin tashi ba ɗalibanki misalin abin da fuskarsa ke kyau alhali cikinsa ya ci, ba sai kin je nesa ba. Ina son a karanta wannan a ƙofar masallaci ranar Juma'a ina zaune, ba bayan raina ba, in ji da kunnena abin da za a ce. Sannan babbanku ya ɗauki sandar, tana ƙarƙashin buzuna, ya kai wa Habu a Cadakori, an ce ya gaji kunnen ubansa. In ya ce ta gidan nan ce, ku ce masa gidan ya bi ubansa tun ranar da ya ɗora kaya a amalanke.

Amma kafin ku tafi da ita, ku tsaya a ƙofar ɗakina ku ɗaga kai. Baƙar azarar nan da kuke ta wucewa ƙarƙashinta, wasunku tun suna rarrafe, wadda uwarku ta saba rataya ragaya a jikinta, ita ce. Ku ce kowa ya yi shiru, ɗayanku ya buga. Sale ya ce tana amsawa. Ni na buga ta yau da safe, kamar kowace safiya, ban ji komai ba.